Bayan Tiyatar Zuciya, Ko Mutum Zai Iya Komawa Gudu?

 A allonmu na wannan mako mun ɗauko tambayar da ta haɗa lafiya da wasanni: wanda aka yi wa tiyata a zuciya, zai iya komawa fili ya yi gudu kamar kowa? Yawancinmu da zarar mun ji an ce an tsaga ƙirjin wani, sai mu yanke hukunci cewa shi da gudu sai kallo daga nesa. Wasu kuma gani suke tunda an yi aiki an gama, washegari ma ya iya shiga tsere. Duka biyun kuskure ne, kuma kowanne na iya cutar da mutum. Gaskiyar magana ita ce mutane da yawa suna komawa gudu bayan tiyata, wasu har gasa suke shiga, amma akwai hanya, akwai lokaci, akwai kuma waɗanda likita zai gindaya wa iyaka. Ga bayanin dalla-dalla.

Me zuciya ke yi idan muna gudu?

Zuciya tsoka ce, girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Tana da ɗakuna huɗu da ƙofofi huɗu da ake kira bawul, waɗanda ke buɗewa su rufe don kada jini ya koma baya. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗebo iskar oksijin, ɓangaren hagu kuma yana tura shi zuwa sauran jiki.

Idan babban mutum yana zaune, zuciyarsa kan buga tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, wato kusan sau 100,000 a kwana guda. A wannan zaman tana tura jini kamar lita 5 a kowane minti, kwatan jarkar nan mai cin lita 20 da muke ɗebo ruwa da ita. Da ya tashi ya zuba da gudu, tsokokin ƙafa sai su nemi ƙarin oksijin, zuciya ta ƙara sauri da ƙarfi, har ta kai tana tura lita 20 ko fiye a minti ɗaya. Jarka guda cur ke nan.

Kowa na iya gwada wannan da kansa. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka ta gefen babban yatsa, ƙirga bugun na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Sannan ka zaga fili sau ɗaya da gudu ka sake ƙirgawa. Bambancin da ka gani shi ne nauyin da gudu ke ɗora wa zuciya, kuma shi ne nauyin da likita ke son tabbatar da cewa zuciyar da aka gyara za ta iya ɗauka.

Me ke kai mutum ga tiyatar zuciya?

Dalilan suna da yawa, amma uku sun fi yawa. Na farko, matsalar da aka haifi yaro da ita, kamar huji a bangon da ya raba ɗakunan zuciya. Na biyu, lalacewar bawul. Na uku, toshewar jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta da jini, wanda ya fi kama manya, musamman masu hawan jini, ciwon suga ko shan taba. A nan likita kan ɗauko jijiya daga ƙafa, hannu ko cikin ƙirji ya yi wa jini sabuwar hanya ta kewaye wurin da ya toshe.

Dalili na biyun ya fi shafar mu 'yan makaranta. Akwai wani ciwon maƙogwaro da ƙwayar cutar bakteriya ke kawowa, wanda ya fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Idan ba a yi maganinsa yadda ya kamata ba, garkuwar jikin wasu yaran sai ta rikice, ta koma yaƙar gaɓoɓi da bawul ɗin zuciya. Bayan makonni kaɗan yaro ya fara zazzaɓi da ciwon gwiwa ko idon sawu. Idan abin ya yi ta maimaituwa, bawul ya ƙanƙance ko ya riƙa yoyo, har wata rana sai an gyara shi ko an canza. Wannan ciwo ya fi yawa inda ake cunkoso a ɗakin kwana kuma asibiti ya yi nisa, shi ya sa har yanzu yake addabar ƙasashen Afirka. Maganin fenisilin da likita zai rubuta a kan lokaci yana tare wannan doguwar wahala tun daga tushe.

Abin da tiyatar ke yi wa jiki

A tiyatar da ake buɗe ƙirji, likita yana raba ƙashin tsakiyar ƙirji gida biyu daga sama zuwa ƙasa. A mafi yawan lokuta ana tsayar da zuciya cak, a haɗa majinyaci da wata na'ura da ke karɓar aikin zuciya da huhu har a gama. Wani likitan Amurka, John Gibbon, shi ne ya fara amfani da irin wannan na'ura cikin nasara a shekarar 1953, lokacin da ya toshe huji a zuciyar wata budurwa 'yar shekara 18. A Nijeriya kuwa, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu aka fara yin tiyatar buɗe zuciya a 1974.

Idan an gama, ana ɗaure ƙashin ƙirjin da siraran wayoyin ƙarfe marasa tsatsa, kuma yawanci a jiki suke zama har abada. Saboda haka mai jinya yana da abubuwa uku da ke jiran warkewa: zuciyar da aka taɓa, ƙashin da aka raba, da kuma jikin da ya yi rauni saboda kwanciya da zubar jini. Fatar waje takan haɗe cikin mako biyu ko uku, sai mutane su ga kamar komai ya wuce. Ƙashin kuwa yana bukatar mako shida zuwa takwas kafin ya kama, wani ma sai ya kai wata uku. Kamar karayar ƙafa ce, sai dai ba a iya sa wa ƙirji filasta, domin dole mutum ya yi numfashi.

Wannan ne ya sa ake hana shi ɗaukar abin da ya wuce kamar kilo 5 a makonnin farko. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka cikakken bokiti ya wuce iyaka nesa ba kusa ba. Jan guga a rijiya, daka, tura baro, ɗaukar ƙane a kafaɗa, duk sai a dakata. Ko tari zai yi, ana koya masa ya rungume matashi a ƙirji.

To me ya sa ba a ce ya yi ta kwanciya ba?

A da haka likitoci ke yi. A shekarun 1930 da 1940, wanda ya samu bugun zuciya akan kwantar da shi a gado har mako shida, ko abinci sai an ba shi a baki. A 1952 wasu likitoci biyu a birnin Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka nuna cewa zaunar da majinyaci a kujera ya fi masa alheri a kan barin sa a kwance.

A 1966 kuma aka yi wani gwaji a birnin Dallas. Aka kwantar da samari biyar lafiyayyu 'yan shekara 20 a gado na tsawon mako uku. Da suka tashi aka auna, sai aka tarar ƙarfin jikinsu na aiki da oksijin ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake auna mutanen nan, aka ga cewa kwanciyar mako ukun ta fi shekaru talatin ɗin rage musu ƙarfi. Doguwar kwanciya tana narkar da tsoka, tana tara majina a huhu, tana kuma sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa.

A birnin Toronto na Kanada, wani likita mai suna Terence Kavanagh ya riƙa horar da masu ciwon zuciya da tafiya da sassarfa a hankali. A 1973 bakwai daga cikin majinyatansa da suka taɓa samun bugun zuciya suka kammala gudun fanfalaki na Boston, mai tsawon kilomita 42 da ɗoriya. Ba a ce kowa ya yi irin wannan ba. Abin da suka tabbatar shi ne zuciya tsoka ce, kuma tsoka horo take so, muddin an bi ta da lissafi.

Matakan komawa gudu

Mataki na farko a asibiti yake farawa. Kwana ɗaya ko biyu bayan tiyata ma'aikatan jinya kan zaunar da majinyaci, su kama shi ya taka 'yan sawu, su koya masa jan dogon numfashi don huhu ya buɗe. Idan babu tangarɗa, da yawa ana sallamarsu cikin mako guda ko makamancin haka.

Mataki na biyu tafiya ce a gida. Ana farawa da minti biyar ko goma a wuri mai shimfiɗe, sau biyu ko uku a rana, a riƙa ƙara kaɗan-kaɗan har mutum ya kai minti 30 yana tafiya ba tare da wahala ba. Wannan kan ci makonni shida zuwa takwas ɗin da ƙashi ke warkewa. A nan babu gudu sam, domin kowane taku na gudu yana girgiza ƙirji.

Mataki na uku shi ne gwaji. Likita zai ɗauki hoton zuciya da na'urar da ake kira eko don ya ga yadda bawul da tsoka ke aiki, ya duba tsarin bugun da na'urar ECG, sau da yawa kuma ya ɗora mutum a kan injin tafiya ko keken motsa jiki yana ƙara masa sauri yana lura da bugu da hawan jini. Sakamakon wannan gwaji ne ke nuna iyakar da mutum zai tsaya. Ba malamin wasanni ke ba da wannan izini ba, ba iyaye ba, ba kuma jin ƙarfin da majinyaci ke yi a jikinsa ba.

Mataki na huɗu shi ne haɗa tafiya da sassarfa, wanda ga mafi yawan mutane ba ya zuwa kafin wata uku. Misali, bayan ɗumama jiki da tafiyar minti goma, mutum ya yi sassarfa ta minti ɗaya, ya yi tafiya ta minti uku ko huɗu, ya maimaita 'yan lokuta, sannan ya rufe da tafiya a hankali har numfashi ya daidaita. Kwana uku a mako ya isa, da hutun kwana guda a tsakani. Mako bayan mako sassarfar na ƙaruwa, tafiyar na raguwa. Ana fara ƙara tsawon lokaci, sauri ya biyo baya.

Akwai ma'auni mai sauƙi da ba ya bukatar na'ura: idan kana gudu kana iya yi wa abokinka magana da cikakkiyar jimla, kana kan daidai. Idan kalma ɗaya-ɗaya kake iya fitarwa kana haki, ka wuce gona da iri, sai ka rage.

Mataki na ƙarshe shi ne gasa, kuma shi ne ya fi bambanta tsakanin mutum da mutum. Yaron da aka toshe wa huji kuma komai ya daidaita, sau da yawa ana barinsa ya koma kowane irin wasa bayan wata uku zuwa shida. Wanda tsokar zuciyarsa ta yi rauni, ko bugunsa ke rikicewa, ana iya ce masa ya tsaya a tafiya da sassarfa kawai. Gasa daban take da atisaye, domin ihun 'yan kallo da son zuwa na ɗaya sukan sa mutum ya ƙi sauraron jikinsa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Bahaushe, sai dai a daɗe ba a je ba.

Magunguna da yanayin garinmu

Wasu magungunan suna canza lissafi. Akwai waɗanda ke rage saurin bugun zuciya da gangan, don haka mai shan su ba zai dogara da ƙirgen bugu kamar sauran 'yan wasa ba. Wanda aka sa wa bawul na ƙarfe kuma yana shan maganin tsinka jini mai suna wafarin har ƙarshen rayuwarsa, tare da gwajin jini a kai a kai. Irin wannan mutum na iya samun izinin gudu, amma ana nisanta shi da wasannin da ake karo ko faɗuwa, kamar dambe, kokawa, langa da ƙwallon ƙafa, saboda bugu ɗaya a kai na iya jawo zubar jini a ciki. Wanda ciwon maƙogwaron nan ya lalata wa bawul yakan ci gaba da karɓar allurar fenisilin duk mako uku ko huɗu na tsawon shekaru, ko da an yi masa tiyata. Jin sauƙi ba dalili ne na daina magani ba.

Sai kuma zafi. A watannin Maris, Afrilu da Mayu, zafin rana a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai yakan haura digiri 40. A irin wannan yanayi zuciya aiki biyu take yi: tana kai jini ga tsoka, tana kuma kai shi ga fata don jiki ya huce, ga gumi na rage ruwan jiki. Don haka lokacin da ya dace shi ne bayan sallar asuba ko da yamma liƙis, da ruwan sha a kusa. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri a haƙura. Mai zazzaɓi, ko na cizon sauro ne ko na mura, ba shi ba gudu sai ya warke sarai. Batun azumi da motsa jiki kuwa, a tattauna da likita tun kafin watan ya kama, saboda lokutan shan magani.

Alamomin da ke cewa a tsaya

Duk wanda aka yi wa tiyata, da abokansa da malamansa, ya kamata su haddace waɗannan. A daina motsa jiki nan take idan an ji ciwo ko nauyi a ƙirji, jiri ko duhun gani, haki da ya wuce na kullum, bugun zuciya da ke tsalle ko gudu ba tsari, ko wani ƙas-ƙas da motsi a ƙashin ƙirji. A koma asibiti idan ƙafafu sun kumbura, ko wurin ɗinki ya yi ja yana fitar da ruwa, ko zazzaɓi ya ƙi sauka. Wanda ya suma yana cikin gudu, ko an taɓa yi masa tiyata ko ba a taɓa ba, yayyafa masa ruwa bai wadatar ba. A kai shi asibiti a duba zuciyarsa.

Darasi daga Kanu Nwankwo

A watan Agustan 1996 Nijeriya ta ci zinare a ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Atlanta. Kyaftin ɗin ƙungiyar, Kanu Nwankwo, shi ne ya zura ƙwallaye biyun ƙarshe da suka fitar da Brazil da ci 4 da 3 a wasan kusa da na ƙarshe. Jim kaɗan bayan haka, likitocin sabuwar ƙungiyarsa ta Inter Milan a Italiya suka gano matsala a bawul ɗin babbar jijiyar da ke fita daga zuciyarsa. Yana ɗan shekara 20 a lokacin. A watan Nuwamban 1996 aka yi masa tiyata a birnin Cleveland na Amurka, bai koma ƙungiyarsa ba sai a watan Afrilun 1997.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Ya koma Arsenal a farkon 1999, a watan Oktoban shekarar ya ci Chelsea ƙwallo uku cikin kusan minti 15, aka kuma zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka karo na biyu. A 2008 shi ya ci ƙwallon da ta ba Portsmouth kofin FA. A shekarar 2000 ya kafa gidauniyar Kanu Heart Foundation don taimaka wa yara masu ciwon zuciya su samu tiyata. A 2014 an sake yi masa wani aikin a zuciya, abin da ke tuna mana cewa wanda aka yi wa tiyata ba ya rabuwa da zuwa ganin likita.

Mu kwatanta da Samuel Okwaraji, wanda ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agustan 1989, ana tsakiyar wasa da Angola, ya rasu yana ɗan shekara 25. Ajali na Allah ne, amma an umurce mu da neman magani. Kanu yana cin ƙwallaye yana ɗauke da matsalar da bai san da ita ba, gwaji ne ya tona ta, aka gyara, ya kuma yi haƙurin watanni kafin ya dawo.

Namu aikin a makaranta

Idan ɗalibi ya dawo bayan irin wannan tiyata, muna roƙon iyaye su kawo takardar likita da ta fayyace abin da zai iya da wanda ba zai iya ba, a ba shugaban makaranta, malamin aji da malamin wasanni. Malamanmu da manyan ɗalibai masu muƙami, a cire shi daga tsallen kwaɗo, ɗibar ruwa da ɗaukar benci har sai likita ya yarda. Shugabannin gidaje, kada son maki a gasar wasanni ya sa a tura shi tseren da ba a ba shi izini ba. Kofi ana sake cin wani baɗi.

Mu kuma abokansa, kada mu mai da tabon ƙirjinsa abin tsokana, kada mu kai masa duka a ƙirji da sunan wasa. Haka nan kada mu ware shi gefe kamar ƙwai. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa tiyata suna fama da tsoro da damuwa, suna jin kowane bugu kamar wani abu zai faru. Abokin da zai raka shi zagayen fili da yamma, ya daidaita takunsa da nasa, ya yi masa babban taimako.

Sauranmu da Allah ya ba lafiya, kada mu raina ciwon maƙogwaro mai zuwa da zazzaɓi. A je asibiti, a sha maganin da aka rubuta har ya ƙare. Wanda ke saurin haki fiye da sa'o'insa, ko ya taɓa suma a fili, ya faɗa wa malami ko iyayensa, babu abin kunya a ciki. Ranar 29 ga Satumba ta kowace shekara ita ce Ranar Zuciya ta Duniya, kuma muna ba hukumar makaranta shawarar a riƙa gayyato ma'aikacin lafiya a ranar ya yi mana bayani a taron safe.

Mai tambaya ko ƙarin bayani ya rubuto ya miƙa wa kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida, za mu kai wa masana mu kawo amsa a fitowa ta gaba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya mai amfani, amin.